Asubar da mashin ɗina ya ƙi tashi

An haife ni a cikin tsohon garin Sakkwato, a wani lungu da ba shi da nisa da Hubbaren Shehu, kuma bayan kiran sallah, ƙarar da kunnena ya fara sabawa da ita a duniya ita ce ta mashin ɗin mahaifina. Baduku ne, yana ɗinka jakunkuna da tumtum da kube na fatar jan akuya, yana kai wa masu shaguna a kasuwa. Kowace safiya idan ya dawo daga masallaci yakan turo mashin ɗin daga zaure, ya buɗe fetur, ya ja cok, ya taka kiki sau biyu, a na uku injin ya kama. Ban taɓa ganin ya damu da batir ba, domin tsohon mashin ne irin wanda ba ya neman komai sai ƙarfin ƙafar mai shi. Da wannan fahimta na girma, cewa batir abin oda ne da fitilar sigina, idan ya mutu babu abin da ya tsaya, kuma wannan fahimtar ce ta bi ni har zuwa lokacin da rayuwata da ta iyalina suka rataya a kan abin da na raina.

Baba ya rasu a 2014 ina aji biyu na babbar sakandare, ya bar Inna da mu biyar, ni ne babba a cikin maza. Na daure na gama makaranta, amma ban ko nemi gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba, duk da cewa malamaina sun so in nema, domin tukunyar gidanmu ba za ta jira shekara huɗu ba. A 2015 na fara kabu-kabu da mashin ɗin wani ɗan unguwarmu, ina kawo masa balas kullum da yamma. Na san garin nan ciki da bai, daga Ƙofar Marke zuwa Mabera, daga Runjin Sambo zuwa Arkilla, daga Kasuwar Kara zuwa Gidan Igwai, kuma a cikin wannan sana'ar na aurar da ƙanwata, na yi aure ni ma, Allah Ya ba ni ɗiya mace. Shekara shida ina kan mashin, amma abin da na sani game da shi bai wuce juyen baƙin mai da ɗaure sarƙa da goge fulogi ba.

A daminar 2021 na yi hatsari a kan hanyar Wamakko. Na kauce wa wani yaro da ya faɗo titi da gudu, tayar gaba ta zame a kan yashi, mashin ya danne mini ƙafar dama. An fara kai ni wurin mai ɗori, daga baya ciwo ya ƙi sauƙi aka kai ni asibiti, inda hoto ya nuna cewa ban da karayar da aka ɗora, gwiwar kanta ta sami matsala. Wata takwas na yi a gida, Inna tana sayar da ƙosai da kunu a ƙofar gida, maiɗakina tana yin kitso, ni da ya kamata in ciyar da su ina kwance ana kawo mini abinci. Da na miƙe na soma takawa, likita ya gaya mini gaskiya cewa zan yi tafiya, zan iya hawa mashin, amma gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar duka mai ƙarfi ba. Kiki kuwa a gefen dama yake, kuma takarsa duka ce ta dukkan nauyin jiki a kan ƙafa ɗaya. Mashinan da yawancin 'yan kabu-kabu ke aiki da su kiki kawai gare su, saboda haka maganar likita ta zo mini tamkar an ce sana'ata ta ƙare.

Kawuna ne ya buɗe mini hanya. A farkon 2022 ya saya mini mashin na hannu mai injin 125, wanda ke da sitata, muka yi yarjejeniya zan riƙa biyansa kaɗan-kaɗan duk mako. Ranar da na danna maɓalli da babban yatsana injin ya tashi nan take, sai da hawaye suka zubo mini a gaban mutane, domin na ga Allah Ya mayar mini da ƙafata ta wata hanya. Na sayi abin cajin waya aka haɗa mini a jikin mashin, saboda fasinjoji na son a kira su a kuma same ni, na koma aiki da zuciya ɗaya.

Alamun farko sun bayyana a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma kujerar mashin ba ta zaunuwa da tsakar rana. Da safe idan na danna sitata, sai in ji yana juya injin da nauyi, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, sai a dannawa ta biyu ko ta uku ya kama. Idan na yi aiki na awa ɗaya sai komai ya koma daidai, wannan ya sa nake mantawa da zancen har wata safiyar. Akwai wasu abubuwan kuma da ban taɓa haɗa su da wannan ba. Ƙwan fitilar baya ya ƙone sau uku a cikin wata biyu, na ce ƙwayayen yanzu ne ba su da kyau. Wani lokaci idan na yi doguwar tafiya nakan ji wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa ta gefen kujera, na ɗauka daga kwata yake zuwa. Na ga wani farin gari mai sirkin kore ya taru a kan kawunan batir, na hure shi da baki na rufe murfi. Yau idan yaron shagona ya ji waɗannan alamun guda uku, kafin ya ɗauko mitar auna wuta zai faɗi inda cutar take, amma a lokacin ni ban ga komai ba sai batir da ya tsufa.

Na sayi sabon batir a watan Mayu, mashin ya koma tashi da dannawa ɗaya, na yi murna na ce an gama. Kafin watan Satumba ya ƙare ciwon ya dawo. Na kai batir wurin masu caji, suka ɗora shi a kan babbar na'urar da suke cajin batirin mota da ita, suka ce in dawo bayan awa ɗaya. Na karɓe shi da zafi kamar an fito da shi daga tanda, ya yi mini kwana huɗu ya sake kwanciya. Wani abokin aiki ya ce ruwansa ne ya ƙare, na duba kuwa na ga ya yi ƙasa sosai, sai na sayo ruwan asid na cika shi, alhali ruwa ne kawai ke ƙafewa daga cikin batir, asid ɗin yana nan, kuma abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwa marar gishiri. Da hannuna na ƙarasa wannan batir. Na sayi na biyu, wannan karon irin rufaffen nan da ba a zuba masa ruwa, domin an ce mini shi ba ya ba da wahala. A cikin wata uku cikinsa ya kumbura har yana ƙin fita daga mazauninsa. Na sayi na uku a watan Disamba da kuɗin da ya kamata in kai wa Kawu, na je na ba shi haƙuri. A duk wannan tsawon lokaci babu wanda ya ɗora mita a kan mashin ɗin, kuma ni ban san ana yin haka ba balle in nema.

Batir na uku ya soma nauyi a ƙarshen Janairun 2023, daidai lokacin da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauyin fasalin naira. Duk wanda ya yi kabu-kabu a wannan lokacin ya san abin da nake nufi. Fasinja zai hau, a sauke shi ya ce sai dai tiransifa, a tsaya ana jiran saƙon banki da ba zai shigo ba sai dare ko washegari, gidan mai kuma wani wurin sai da tsabar kuɗi. Abin da nake komawa da shi gida da ƙyar yake isar cefane. Sanyin hunturu ya ƙara tsananta lamarin, domin da asuba baƙin mai yakan yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, batir kuma ƙarfinsa yakan ragu a cikin sanyi. Na koma dabarar ajiye mashin a bakin gangaren lungunmu, da safe ƙanena ya tura ni in saki kuloci a giya ta biyu. Inna ta ce mini wata safiya tana ganinmu, “Ɗan nan, ka kai wanga mashin a duba maka shi da kyau mana.” Na ce mata, “Inna, bari kuɗi su dawo hannun mutane, zan kai shi.”

Bayan kwana shida, wajen ƙarfe huɗu na asuba, maiɗakina ta tashe ni ta ce ta ji faɗuwar wani abu a ɗakin Inna. Mun tarar da ita a ƙasa kusa da butarta, bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki, tana son yin magana harshe ya ƙi. Ta daɗe tana fama da hawan jini, kuma a makonnin nan maganinta ya yanke, ba ta gaya mini ba don kada ta ƙara mini nauyi. Na ce wa ƙanena ya naɗe ta da bargo, zan ɗauke ta shi ya riƙe ta a baya. Na turo mashin daga zaure, na murɗa makulli, fitilar nutural ta kawo ja-ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa. Na danna sitata, na ji ƙas sau ɗaya, fitilar ta ɗauke. Na sake dannawa, ƙas-ƙas-ƙas, shiru.

Na buɗe kiki na taka da ƙafar da likita ya hana ni, a taku na uku gwiwar ta lanƙwashe na faɗi tare da mashin. Na tashi na gwada da ƙafar hagu, ƙanena ya gwada, shi yaro ne ɗan shekara 14, ƙarfinsa bai kai ba. Muka tura shi gangare sau biyu, injin ya yi tari ya ƙi kamawa, muka sake turo shi sama a cikin yashi ina jan ƙafa. Na kira wayar Kawu a kashe. Na bi gidajen maƙwabta ina buga ƙofa a cikin duhu da ƙura, har Allah Ya sa wani mai keke napep da ke bayan layinmu ya ji, ya fito ko riga bai gama sawa ba. Lokacin da muka fita daga lungu ana kiran assalatu a Masallacin Shehu, kuma a lissafina mun ɓata kusan minti 50 a kan tafiyar da ba ta kai minti 15 ba.

A asibiti an karɓe ta da gaggawa, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Na tare likitan a baranda na tambaye shi ko da mun zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ya ce a irin wannan ciwo kowane minti yana da daraja, amma babu wanda zai iya ce mini jinkirin nan ne ya yanke hukunci, domin jinin ya daɗe yana hawa ba magani. Inna ta yi mako biyu a asibiti, ta dawo gida ba ta tafiya, magana kuma sai kalma ɗaya-ɗaya. A cikin goman tsakiya na watan azumin wannan shekarar Allah Ya karɓi abarsa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Limamin unguwarmu ya zaunar da ni bayan sadakar uku, ya tuna mini cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yi imani da haka har cikin zuciyata. Amma imanin bai hana ni jin wannan ƙas ɗin a kunnena duk daren da na kwanta ba, bai kuma goge maganarta ta ƙarshe a kan mashin ɗin ba, wadda na amsa da a bari sai kuɗi sun dawo.

Mashin ya zauna a zaure an rufe shi da tsohon buhu har bayan ƙaramar sallah. Ko kallonsa ba na son yi, na ma yanke shawarar a sayar a ba Kawu ragowar kuɗinsa. Da na kai masa maganar sai ya ce ba za a sayar da mashin marar lafiya a cuci wani ba, a fara gyara shi tukuna. Shi ya sa aka ɗora shi a kan keke napep aka kai shi wurin wani dattijo mai aikin rewaya, wato gyaran wutar mashin, wanda rumfarsa ba ta fi tabarma biyu ba, amma masu mashin daga har Bodinga da Gwadabawa suna zuwa wurinsa.

Na ba shi labarin batura uku, ina jiran ya ce in sayo na huɗu. Bai ce komai ba, ya ɗauko wata 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan kawunan batir, ya juyo mini da fuskarta in gani: 10.4. Ya bayyana mini cewa batirin mashin ɗakuna shida gare shi a ciki, kowanne yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya, shi ya sa lafiyayyen batir da ya cika ya kuma huta yake nuna 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi, idan ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai, idan kuwa aka yi masa caji ya ƙi wuce 10 da rabi, to ɗaki ɗaya ya mutu kuma babu cajin da zai tashe shi. Sannan ya ce, “Wanga ya mutu, babu gardama. Amma batir uku ba su mutuwa a shekara guda don kansu. Akwai mai kashe su, kuma shi muke nema. Ka bar jaki kana dukan taiki, yaro.”

Ya ɗauko nasa batir na gwaji ya haɗa, ya ce in danna sitata. Ga mamakina, ko da lafiyayyen batir sitata ya juya da nauyi. Ya nuna mini mita a lokacin da nake dannawa, lambar ta sauka zuwa 11 da 'yan kai ta tsaya, ya ce da batir ne mai rauni da ta faɗi ƙasa da 9 da rabi. Tunda ta tsaya a sama kuma sitata na jan ƙafa, wutar tana nan amma ba ta samun hanya. Ya bi babbar wayar baƙa har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen mashin, ya taɓa ta da yatsa sai ga ta tana motsi, ƙarƙashinta duk tsatsa. Kawunan wayoyin biyu kuma wannan garin da na riƙa hurewa ya cinye su har sun yi siriri. Ya wanke su da ruwan zafi da garin soda, ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ya sauya kan waya ɗaya, ya ɗaure tamau, ya shafa ɗan giris. Da na sake dannawa, injin ya tashi kafin in ɗaga yatsa. Ya ce sitata ya fi komai cin wuta a jikin mashin, saboda haka 'yar tsatsar da ba za ta hana oda kuka ba tana iya hana shi juyawa. Ƙas ɗin da na ji kuwa rile ne, wato makunnin da ke sakar wa sitata babbar wuta: idan ya yi ta ƙas-ƙas a jere, wutar da ke isa gare shi ce ba ta isa ba, idan kuma ya yi ƙas mai ƙarfi sau ɗaya alhali fitila ba ta rage haske ba, sai a duba rile ɗin kansa ko gawayin da ke cikin sitata.

Na ɗauka an gama, sai ya ce yanzu aka fara. Ya bar mita a kan batir injin yana aiki, ya ce in murɗa totur a hankali. Lambar ta hau 14, ta wuce 15, ta kai 16 tana neman ƙari, ya ɗaga hannu ya ce in saki. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashin tanki, ya ce sunansa rektifaya. Koyil da ke cikin injin shi ke haifar da wuta idan injin na juyawa, rektifaya kuma shi ke daidaita ta ya mai da ita irin wadda batir ke sha, ya kuma tsare ta tsakanin 13.5 da 14.5. Idan an murɗa totur lambar ba ta ɗaga daga 12 ba, mashin ba ya caji, sai a duba koyil da wayoyinsa da fis da rektifaya. Idan kuma ta haura 15, rektifaya ya daina tsarewa, yana dafa batir ne. Nawa ya daɗe yana dafa su. Shi ne ya ƙafar da ruwan na farko, shi ya kumbura na biyu, shi ke ƙona ƙwayayen fitila, warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma hayaƙin batir ne da ke tafasa, kuma wannan tururin ne ya fito ya cinye kawunan wayoyi. Zafin garinmu ya ƙara wa wutar ƙaimi, domin ko ba tare da wata matsala ba zafi yana rage wa batir kwana. Ina tsaye ina saurare, kowace alama da na yi watsi da ita tana komawa mazauninta, har na kasa tsayuwa na nemi benci na zauna.

Saura abu ɗaya. Ya kashe mashin ya zare makulli, ya cire wayar baƙa daga batir, ya sa mita a tsakaninsu, sai ga ta tana nuna wuta na fita alhali komai a kashe yake. Ya bi waya ya tarar da abin cajin wayata an haɗa shi kai tsaye da batir, ba a bi ta makulli ba, yana tsotsa dare da rana. Ya ce wannan kaɗai ba zai kwantar da lafiyayyen batir a dare ɗaya ba, amma ga ƙaramin batir da aka riga aka dafa, shi ne ke ƙarasa ɗan abin da ya rage kafin asuba. Kuɗin rektifaya da kan waya da ladan aikinsa gaba ɗaya ba su kai kuɗin batir ɗaya daga cikin ukun da na saya ba, kuma binciken duka bai kai awa ɗaya ba.

A nan ne na fashe da kuka, na ba shi labarin Inna. Ya bar ni na yi har na gaji, ya yi mata addu'a, bai ce laifina ne ba, bai kuma ce ba laifina ba ne. Da zan tafi na juyo na ce, “Baba, ina son ka koya mini wannan aikin.” Ya dube ni ya ce ya saba karɓar yara 'yan shekara 12, ba magidanci ba, kuma a wurinsa sabon yaro shara yake fara yi. Na ce na yarda. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, fasinjoji suka koma tafiya a ƙasa, sai ya zamana ko da ina son komawa kabu-kabu gadan-gadan babu riba a cikinta. Na riƙa yin aiki daga asuba zuwa ƙarfe goma, sauran yini ina rumfar maigida.

Shekara biyu na yi a hannunsa, kuma ba su zo da sauƙi ba, domin akwai ranakun da yaran da na girme da shekara 15 ke aike na sayen ruwa, akwai ranakun da na koma gida da abin da bai kai kuɗin gero ba, maiɗakina ta rufa mini asiri ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. A wurinsa na koyi cewa ƙaramin batir a hankali ake yi masa caji, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ba, wato wanda aka rubuta ƙarfinsa 5 a jikinsa a ba shi rabin amfiya ya kwana yana sha, kuma babbar na'urar mota tana gasa shi ne kawai. Na koyi cewa wayar baƙa ake fara cirewa kuma ita ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mashin ta yi tartsatsi, kuma ba a kusantar batirin da ke caji da sigari ko ashana saboda iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Na koyi rabe mashin da sitatansa ke juyawa da nauyi da wanda sitata ke juyawa garau amma injin ya ƙi kamawa, domin na biyun ba ruwansa da batir, sai a nemi fulogi da kafireta da mai da bawul. Da yawan masu zuwa suna cewa a ba su batir, matsalarsu tana cikin wannan rukuni na biyu.

Yanzu ina da tawa rumfar, maigida ne da kansa ya zo ya sa mata albarka ranar da na buɗe. Na gama biyan Kawu, kuma mashin ɗin yana nan wurina, sabon batirin da aka sa masa ranar da aka yi gyaran ya haura shekara biyu kafin in sauya shi. Ina sayar da batir, amma ba na miƙa wa kowa sai na auna mashin ɗinsa a kashe, na auna ana danna sitata, na auna injin na aiki. Wasu suna fushi su ce sauri suke yi, su tafi wani wuri su saya, kuma ba na riƙe su. Wasunsu sukan dawo bayan wata uku da kumburarren batir a hannu. Idan na ga magidanci yana cewa bari sai ya sami kuɗi, nakan tambaye shi ko akwai tsoho ko mai ciki ko ƙaramin yaro a gidansa, idan ya ce akwai sai in auna masa kyauta, in gaya masa abin da zai iya jira da abin da ba zai iya ba.

Gwiwata har yau tana ciwo idan hunturu ya shigo. Maiɗakina tana da ciki wata takwas a yanzu da nake wannan rubutu, kuma na karɓi lambar maƙwabcin nan mai keke napep da ta wasu mutum biyu na rubuta a bangon zaure. Kowane dare bayan sallar isha'i nakan juya kan mashin ya fuskanci ƙofa, in duba mai a tanki, in buɗe murfin gefe in ɗora mita. Jiya ta nuna 12.7, na rufe murfin, na rataye makulli a ƙusar da ke bakin ƙofar ɗakin Inna.